Jarumi Ko Kurkuku? Tarken Tauraron Mephiston a Ƙagaggen Tarihin Warhammer 40,000

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sun saba, idan za su feɗe ƙagaggen labari, su fara da tarihin marubuci, sannan jigo, sannan zubi da tsari, su gangaro kan salo da taurari. Wannan hanya ta ginu ne bisa zaton cewa labari yana da mai shi guda ɗaya, kuma yana da bangon farko da na ƙarshe. Wannan maƙala za ta ɗora awon a kan wani tauraro wanda bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan biyu ba. Sunansa Mephiston, mayaƙi ne mai yaƙi da takobi da kuma ƙarfin zuci, a cikin ƙagaggen tarihin wasan nan na Ingila mai suna Warhammer 40,000. Tun 1996 ake rubuta shi, hannaye da yawa sun taɓa shi, wani sashe nasa yana cikin littattafan labari, wani yana cikin kundin dokokin wasa, wani kuwa a jikin ɗan mutum-mutumi yake.

Abin da maƙalar take son ta tabbatar shi ne, ƙarfin wannan tauraro ya rataya ne a kan tambaya ɗaya da mawallafansa na farko suka ƙi amsawa, wato: mene ne ainihin abin da ya fito daga ƙarƙashin ɓaraguzan ginin da ya danne shi? Za a kuma nuna cewa marubutan da suka zo daga baya, gwargwadon yadda kowannensu ya matsa kusa da amsar, gwargwadon yadda tauraron ya rage kwarjini a hannunsa.

2.0 Filin da Tauraron ya Tsiro

Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya kuma koma da mazauninsa birnin Nottingham daga baya, shi ya fitar da wasan a 1987 daga alƙalamin Rick Priestley. Wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur. Kowane ɗan wasa yakan sayi 'yan mutum-mutumin sojoji, da can na dalma, yanzu galibi na roba, ya harhaɗa su, ya yi musu fenti da hannunsa, ya jera su gaban na abokin karawarsa. Ana auna tafiyar soja da inci, ana kuma yanke hukuncin sara da harbi da ƙwaya mai fuska shida, irin wadda ake kaɗawa a wasan ludo. Domin ɗan wasa ya san dalilin da sojojinsa suke faɗa, sai kamfanin ya riƙa ƙaga musu tarihi, da farko a mujallarsa mai suna White Dwarf da kundayen dokoki na kowace runduna, daga 1997 kuma a littattafan reshensa na ɗab'i, wato Black Library. Ke nan labari a nan bawan ciniki ne tun asali, kuma wajibi ne mai tarke ya riƙe wannan a zuciyarsa.

An ajiye labarin a shekara ta 40,000 da ɗoriya ta Miladiyya. Bil'adama sun bazu cikin taurari ƙarƙashin wata daula azzaluma, wadda Sarkinta yake zaune a kan wata karagar zinariya shekara dubu goma, bai mutu ba, bai kuma rayu ba. Jiragen daular suna ratsa nisan da ke tsakanin taurari ne ta cikin wata duniyar ɓoye da ake kira Warp, wadda za mu kira Tekun Kurwa, domin kuwa daga tunani da sha'awa da tsoron masu rai take samun kumfa, kuma shaiɗanu ne mazaunanta. Akwai mutanen da ake haifa da baiwar ɗebo ƙarfi daga wannan teku: su karanta zuciyar wani, su hango abin da bai auku ba, su kunna wuta da tunani kawai. Amma duk wanda ya ɗebi ruwan tekun ya buɗe ƙofa ke nan, abin da ke cikin tekun yana iya biyo guga ya shigo. Saboda haka daular tana farautar irin waɗannan mutane, tana kwashe su cikin baƙaƙen jirage. Ana ƙona rayukan dubu daga cikinsu kowace rana domin karagar Sarki ta ci gaba da aiki, 'yan kaɗan masu ƙarfi kuma a horar da su su yi wa daular yaƙi. Al'umma ce da ba ta iya rayuwa ba tare da su ba, ba ta kuma iya barci da ido biyu rufe saboda su.

Ya kyautu a ɗan dakata a kan kalma. Mawallafan sun ƙirƙiri kalmar psyker domin irin wannan mutum, kuma fassara ta zuwa Hausa ba ƙaramin aiki ba ne. Boka sana'a yake yi, ana zuwa wurinsa da buƙata. Matsafi yana da abin da yake yi wa yanka. Maye ya fi kusa ta fuskar gado da tsoron da jama'a suke yi masa, sai dai maye ba ya da wani amfani ga gari. Kalmar da ta fi dacewa a ganina ita ce hatsabibi, domin ta haɗa al'ajabi da shakka, ana faɗarta da yabo a baki da ɗar-ɗar a zuci. Ita za a yi amfani da ita a nan. Abin ban sha'awa kuma, a cikin rundunonin zaɓaɓɓun dakarun daular, muƙamin hatsabibi shi ne Mai Kula da Laburare, saboda shi ke adana tarihin runduna. Mephiston shi ne shugaban masu wannan muƙami a rundunarsa. Ban san wani adabin jarumta da ya ba wa mafi hatsarin mayaƙansa sunan ma'aikacin ɗakin karatu ba in ba wannan ba, kuma barkwanci ne irin na Ingilishi da ya rage daga zamanin da wasan yake yi wa kansa dariya.

3.0 Kwana Bakwai Ƙarƙashin Ɓaraguzai

Rundunar Mephiston ita ce Blood Angels, wato Mala'ikun Jini. Laƙabi ne na yaƙi kawai, ya samo asali daga ubansu Sanguinius, wanda aka siffanta da kyakkyawan mutum mai fukafukai. Mazauninsu duniyar Baal ce da watanninta biyu, hamada ce da guba ta cinye. Daga cikin nakasassun mutanen wannan hamada ake zaɓo samari, a shayar da su jinin da ya gangaro daga uban runduna, a rufe su cikin akwatin gawa shekara guda, su fito kyawawa masu tsawon rai, masu son zane da sassaƙa. Amma jinin yana tafe da aibi biyu. Na farko Jar Ƙishirwa, wato kwaɗayin shan jini da kowannensu yake dannewa iya rayuwarsa. Na biyu Baƙin Fushi. Ɗan'uwan Sanguinius mai suna Horus, wanda ya yi wa Sarki tawaye, shi ya kashe shi kisan gilla shekara dubu goma da suka wuce, kuma azabar wannan mutuwa ta zauna a cikin jinin zuriyarsa. A daren jajiberin yaƙi sai ta taso wa wani daga cikinsu, ya manta sunansa da zamaninsa, ya ɗauka shi ne Sanguinius a ranar ajalinsa. Wanda wannan ya same shi ba ya dawowa. Sai a shafa wa sulkensa baƙi, a zana masa jan gicciye, a sa shi cikin Ayarin Mutuwa, a tura shi inda yaƙi ya fi zafi domin ya mutu da sauran mutuncinsa. Wanda ya ƙi mutuwa a fage, ko dai a sare kansa, ko a kulle shi cikin wata hasumiya a Baal.

A nan ne labarin tauraronmu ya shigo, kuma a kundin Codex: Angels of Death na 1996 ya fara bayyana. Asalin sunansa Calistarius. A yaƙi na biyu na duniyar Armageddon, inda daular ta kara da wasu dodanni koraye da ake kira Ork, Baƙin Fushi ya kama shi a birnin Hades. Aka sa shi cikin Ayarin Mutuwa, suka auka wa wani babban ɗakin ibada, ginin ya rufto a kansu. Kwana bakwai yana danne, ba ya iya motsi, haukan yana cin sa. Da yake ba shi da abokin gaban da zai sara, sai ya juya ya fuskanci abin da ke cikinsa, har ya rinjaye shi. Da tsakar daren kwana na bakwai ya ture duwatsun ya fito, ya ajiye sunan Calistarius, ya zama Mephiston, Ubangidan Mutuwa.

Iyakar labarin ke nan a asalinsa, bai fi a karanta shi cikin minti biyu ba. Amma idan aka yi la'akari da yadda aka ƙera shi, za a ga gwaninta.

Da farko dai, idan muka auna shi da ma'aunin Lord Raglan na 1936, wanda ya jero siffofi ashirin da biyu na jarumin gargajiya, kamar haihuwa a gidan sarauta da yunƙurin kashe shi yana jariri da auren gimbiya, Mephiston zai faɗi warwas, domin ba a ba mu labarin uwa ko uba ko mata ba. Ma'aunin Joseph Campbell na 1949 ya fi kama shi. A wurin Campbell jarumi yakan bar gida, wani abu ya haɗiye shi kamar cikin kifi, ya mutu mutuwar alama, a sake haihuwarsa, sannan ya komo da wata garaɓasa da za ta amfani jama'arsa. Ɓaraguzan Hades su ne cikin kifin, canjin suna shi ne sabuwar haihuwa. Sai dai a mataki na ƙarshe ne labarin ya karkace, kuma karkacewar ita ce zuciyarsa. Mephiston ya komo, amma hannu rabbana. Bai zo da magani ba, bai zo da wata hanya da zai koya wa ɗan'uwansa ba. Washegari aka ci gaba da shafa wa sulke baƙi kamar jiya. Nasararsa tasa ce shi kaɗai, ba a gadonta, ba a karanta ta. Abin da ya kawo wa rundunar shi ne fata, kuma fata a irin wannan hali azaba ce, domin kafin shi kowa ya haƙura cewa ciwon ba ya warkewa, bayansa kuwa duk wanda ya faɗi sai a tuna cewa akwai wanda ya tashi.

Akwai dalilin kasuwa a bayan wannan, kuma ba aibi ba ne a faɗe shi. Ayarin Mutuwa kaya ne da kamfanin yake sayarwa, kuma shi ne abin da ya bambanta wannan runduna da sauran. Ranar da aka sami magani, ranar Mala'ikun Jini suka zama sojoji masu jan sulke kawai. Shi ya sa ko da aka motsa tarihin gaba a 2017, aka kawo sabon zubin dakaru da ake kira Primaris, waɗanda aka yi zaton sun tsira daga aibin, ba a daɗe ba aka nuna su ma yana kama su. To amma tilascin ciniki ya haifar da kyakkyawan adabi a nan. Marubucin da aka hana shi rufe labari da farin ciki, ya kuma ƙi rufe shi da mutuwa, dole ya zauna a tsakani, kuma a tsakanin ne tauraro yake samun zurfi.

Abu na biyu shi ne saɓanin da ke tsakanin siffar labarin da sunan mai shi. Siffar ta tsarkaka ce: ɗakin ibada, kabari, kwanaki ƙidayayyu, tashi bayan an fid da rai. Mai karatu Bature ba zai kasa jin amon labarin tashin Almasihu na addinin Kirista ba. Amma wanda ya tashi ɗin, sai ya zaɓi suna daga Mephistopheles, shaiɗanin da ya sayi ran Faust a wasan kwaikwayon Christopher Marlowe da kuma na Goethe wanda kashinsa na farko ya fito a 1808. Lokacin tashin ma tsakar dare ne, ba asuba ba. Kamanninsa kuwa, farar fuska fes kamar gawa, dogon gashi, doguwar wuyan riga a miƙe, duk daga gidan Dracula na Bram Stoker na 1897 aka aro su. Babu inda mawallafan suka ce ya sayar da ransa. Sun dai ba shi sunan mai saye, suka yi shiru.

Abu na uku ya fi duka muhimmanci. Mene ne aikin farko da ya yi bayan ya fito? Wasu Ork da ke yawo cikin kangon suka taso masa, ba shi da makami, sai ya yayyaga su da hannu cikin ƙiftawar ido. Wannan ita ce shaidar da aka ba mu ta cewa ya warke. To, da me ta bambanta da aikin wanda haukan yake kansa? Da ido ba za a iya rarrabewa ba. Bambancin kawai shi ne wannan yana iya tsayawa ya yi magana bayan ya gama. Saboda haka 'yan'uwansa suna girmama shi suna kuma ja da baya in ya wuce, ana raɗe-raɗin cewa ya biya wani farashi da bai faɗa ba. A kundin 2010 an ƙara wani ɗan labari, inda wani shaiɗani mai suna M'kar ya tsare shi, ya gaya masa cewa ai ya riga ya kama hanyar zama irinsu. Mephiston ya shaƙe shi har lahira. Amma kashe mai magana ba ya ƙaryata maganar, kuma marubucin ya bar ta tana yawo.

4.0 Dokar Wasa a Matsayin Salo

Mai tarken da ya tsaya ga kalmomi kawai zai bar rabin matanin a baya, domin lambobin da ke cikin kundin dokoki su ma suna ba da labari. A bugu na takwas da na tara na wasan, wato na 2017 da na 2020, duk lokacin da hatsabibi zai yi amfani da baiwarsa sai ɗan wasa ya jefa ƙwaya biyu. Idan duka biyun suka nuna ɗaya-ɗaya, ko shida-shida, Tekun Kurwa ya kai masa cafka ke nan, zai ji rauni, yana ma iya mutuwa ya tafi da na kusa da shi. Fuskokin ƙwaya biyu suna haɗuwa ta hanya 36, biyu daga ciki ne masifa, wato sau ɗaya cikin 18. A lura cewa shida-shida ita ce jifa mafi ƙarfi, kuma ita ma masifa ce. Jigon labarin gaba ɗaya, cewa ƙarfi da halaka daga rijiya ɗaya ake ɗebo su, ga shi an dunƙule shi cikin doka guda, kuma ɗan wasa yana jin sa a tafin hannunsa kafin ya saki ƙwayar. Babu wata siffantawa da za ta kai wannan.

Kundin 2010, wanda Matthew Ward ya rubuta, ya yi wani abu makamancin haka da Mephiston kansa. Sojan runduna na yau da kullum yana da ƙarfi 4, juriya 4, rauni ɗaya ke kashe shi. An ba Mephiston ƙarfi 6, juriya 6, sai an yi masa rauni biyar. Lambobin dodo ne a jikin mutum. Bugu da ƙari, sauran shugabanni dokar ta yarda su shiga cikin ayarin soja su fake a tsakiyarsu, shi kuwa ba a ba shi wannan dama ba. Dole ya ratsa tebur shi kaɗai. Ko da niyyar mai dokar ita ce daidaita wasa domin kada ya fi ƙarfin kowa, sakamakon ya dace da halin tauraron ƙwarai: mutumin da 'yan'uwansa ba sa tsayawa kafaɗa da kafaɗa da shi. A bugu na goma, na 2023, an soke zagayen hatsabibai na musamman, aka mayar da yawancin baiwarsu tamkar wani nau'in makami. Wasan ya yi sauri, amma a ganina an yi asarar wata jimla mai kyau daga cikin matanin.

Akwai kuma wani abin lura. A bugun 2009 na wasan Space Hulk, wanda kamfanin ɗaya ne ya yi shi, hatsabibin da ke cikin akwatin sunansa Calistarius. Ke nan mutumin kafin rugujewar gini da mutumin bayanta, an sassaƙa su daban, an sayar da su daban, mai sha'awa yana iya jera su a kan kanta ɗaya suna kallon juna. Abin da labari ya bari a matsayin shakka, cewa wataƙila mutum biyu ne, kasuwa ta mayar da shi abin taɓawa da hannu.

5.0 Marubutan da Suka Buɗe Ƙofa

Gajeren labarin kundi yana iya rayuwa da shiru. Littafi mai shafi ɗari uku ba ya iyawa, dole marubuci ya tsaya a wani wuri ya kalli tauraron, kuma wurin da ya zaɓa shi ke yanke hukunci. David Annandale, a cikin Mephiston: Lord of Death na 2013, ya shiga cikin kansa kai tsaye, ya sa shi yana ba da labari da bakinsa. Hanya ce mai hatsari, amma ya tsira da dabara ɗaya: Mephiston ɗinsa yana maganar Calistarius kamar yadda ake maganar mamaci, wani mutum dabam da ya gaji tunaninsa amma bai gaji zuciyarsa ba. Ya kuma haɗa shi da wani tsohon aminin Calistarius wanda ya ƙi yarda cewa wannan abokinsa ne. Da haka tambayar ta koma ciki, mai ita ma bai san amsarta ba. Aibin littafin shi ne nauyin harshe, kowace jimla tana son ta zama tsawa, har kunne ya gaji.

Darius Hinks, a littattafansa uku da suka biyo juna daga 2017, wato Blood of Sanguinius da Revenant Crusade da City of Light, ya raba kallon. Sau da yawa muna ganin Mephiston ta idon wani ƙaramin hatsabibi mai suna Antros, wanda yake bin sa da sha'awa da tsoro, ga kuma dattijo Rhacelus mai riƙe masa linzami idan ƙarfin ya nemi ya kuɓuce. Wannan zaɓi ne mai kyau, irin wanda mai ba da labarin jarumi ya sani tun da: zaki ya fi girma a bakin wanda ya hango shi. Matsalar Hinks ita ce hauhawa. Kowane littafi sai ya nuna abin al'ajabin da ya fi na baya, har aka kai inda mai karatu ba ya jin tsoron kome a madadin tauraron. Wanda ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara ya san wannan ciwo: da zarar an tabbata jarumi ba ya faɗuwa, sai ƙidayar gawawwaki ta maye gurbin fargaba. Ɗan wasan da ke riƙe da ƙwaya biyu ya fi mai karatun Hinks zullumi.

Guy Haley ne ya buɗe ƙofar gaba ɗaya a cikin Darkness in the Blood. A can aka yi wa Mephiston aikin mayar da shi sabon zubin Primaris, ya mutu a kan gadon fiɗa, ya ga wahayin halittu biyu masu fukafukai, ɗaya na zinariya ɗaya baƙi, suna kokawa tun fil'azal a kan ran zuriyar Sanguinius. Aka nuna cewa baƙin shi ne Baƙin Fushi da kansa, kuma Mephiston ya karɓi zama kurkukunsa, ya riƙe shi a cikinsa domin 'yan'uwansa su sami sauƙi. Dole a yaba wa Haley, domin ya warware matsalar da muka gano a ma'aunin Campbell. Yanzu jarumin yana da abin da ya kawo wa jama'arsa, wato kansa. Hoton mutum mai tsaron fursunan da ke cikin ƙirjinsa hoto ne mai ƙarfi.

To amma me aka biya? An mayar da abin shakka abin tausayi. Da can ɗan'uwan da ya ja da baya in Mephiston ya wuce yana iya zama mai gaskiya. Yanzu mai karatu ya san sirrin, ya san wannan ɗan'uwa jahili ne kawai, bai san sadaukarwar da ake yi dominsa ba. Sunan Mephistopheles ya zama ado, ba tuhuma ba. Kuma wannan ya taɓa wani abu da ya fi tauraron girma. Wasan ya fito ne a Ingilar zamanin Margaret Thatcher, cikin 'yan'uwansa irin su mujallar zane ta 2000 AD, da niyyar zambo ga mulkin kama-karya, har kamfanin da kansa ya fitar da sanarwa a Nuwamban 2021 yana tunatar da masoyansa cewa daular ba abar koyi ba ce, zambo ce. Mephiston na 1996 ya dace da wannan niyya: mafi girman makamin azzalumar daula, wataƙila shaiɗan ne, kuma daular ta gwammace kada ta bincika muddin yana kashe mata maƙiya. Mephiston na Haley kuwa shahidi ne mai rai, kuma daular da take da irin wannan bawa tana samun wani kwarjinin da ba ta cancanta ba. Mutum ne da ake ƙona dubun irinsa kullum a gindin karaga, amma littattafan ba su cika tsayawa su tambaye shi ra'ayinsa a kan haka ba.

Sai dai matanin da ba shi da bangon ƙarshe ba ya barin kowa ya yi maganar ƙarshe, ko da Haley ne. A ƙarshen 2019 kamfanin ya sake sassaƙa mutum-mutumin Mephiston da roba, bayan tsohon ya shekara fiye da ashirin a kasuwa. An ɗauko sabon ne daga wani tsohon zanen Mark Gibbons na shekarun 1990. Hannu ɗaya yana riƙe da takobinsa mai suna Vitarus. Ɗaya hannun kuwa iri biyu aka saka a cikin kwalin: ko dai yana riƙe da bindiga kamar kowane soja, ko kuwa ya kai shi bakinsa yana share jini. Ba a faɗi jinin wane ne ba. Mai saye ne zai zauna da gam a hannu ya zaɓi wanda zai liƙa.